Katanga Da Maigadi Sun Isa Tsare Makaranta?

A wannan mako za mu duba wata tambaya da ta dami iyayen yara a gabashin Jihar Sakkwato, musamman ƙasar Gobir, watau Sabon Birni da Isa da kewayensu: shin uba zai iya kai ɗansa makaranta ya koma gida ya yi barci, domin an ce masa an yi katanga an kuma sa masu gadi?

Tambayar ba ta wasa ba ce. A watan Mayu na 2020 'yan bindiga suka kashe mutum fiye da 70 a ƙauyukan Sabon Birni a rana ɗaya. A Disamba na 2021 suka ƙona matafiya da ransu cikin mota a hanyar Isa. A 2024 Sarkin Gobir na Gatawa, Alhaji Isa Muhammad Bawa, ya rasu a hannunsu, Allah ya jiƙansa. Ƙasar da ba a bar hakimi ba, ina ga ɗan almajiri mai allo?

Abin da gwamnati ta fara yi shi ne rufewa. Bayan an kwashe ɗalibai fiye da 300 a Ƙanƙara a Disamba na 2020, Gwamna Aminu Waziri Tambuwal ya ba da umurni a rufe makarantun kwana 16 na bakin iyaka, cikinsu har da sakandaren Isa da ta Sabon Birni. Ba mu ga laifin wannan ba, gama malamai sun haɗu a kan cewa kiyaye rai yana gaba. Amma fa a faɗi gaskiya: makarantar da aka rufe ba tsare ta aka yi ba, an dai janye ta daga gaban maƙiyi. Mai hali ya kai ɗansa birnin Sakkwato. Talaka fa?

To, sai maganar masu gadi. A Kwalejin Gwamnatin Tarayya ta Birnin Yawuri akwai 'yan sanda a ranar 17 ga Yuni, 2021, amma aka fi ƙarfinsu, aka kashe ɗaya, aka tafi da ɗalibai, waɗansu 'yan matan ba su dawo ba sai 2023. Na Maga ya fi wannan ciwo. A ranar 17 ga Nuwamba, 2025 aka shiga makarantar 'yan mata ta garin, a Jihar Kebbi, aka harbe mataimakin shugaban makarantar, aka tafi da yara 25. Gwamna Nasir Idris ya faɗa da bakinsa cewa labari ya riga ya zo, an kuwa kai sojoji, amma suka tashi da misalin ƙarfe 3 na dare, kafin a yi minti 45 ɓarayin suka iso. Irin wannan ƙorafi na janye soja an yi shi a Dapchi a 2018, inda aka ɗauki 'yan mata 110. Kada kuma wani ya ce wannan ciwon ƙasarmu ce kaɗai. A garin Uvalde na Amurka, a 2022, jami'an tsaro kusan 400 suka taru, kowa da makaminsa, suka yi fiye da awa guda ba su kutsa ajin da mai harbi yake ba, aka rasa yara 19 da malamai 2. Ashe bindiga a ƙofa ba ita ce tsaro ba, sai an san wanda zai amsa tambaya in ya bar ƙofar.

Akwai kuma waɗanda ba a ma sa su cikin lissafi. A watan Maris na 2024 aka sace almajirai 15 da tsakar dare a wata tsangaya a Gidan Bakuso, Ƙaramar Hukumar Gada. Kafin nan, a 2021, an kwashe yara fiye da 100 na Islamiyyar Salihu Tanko a Tegina, suka yi kusan wata uku a daji, waɗansu ba su dawo da rai ba. Tsangaya ba ta da katanga, ba ta da maigadi, yara a fili suke kwana gefen wutar karatu. Duk wani shiri da ya tsaya ga makarantar boko ya bar waɗannan, rabin shiri ne.

Ba a rasa takardu ba. An kafa shirin tsare makarantu a 2014 bayan Chibok, a ƙarshen 2022 kuma Gwamnatin Tarayya ta fito da tsarin kashe Naira miliyan dubu 144 da ɗoriya daga 2023 zuwa 2026. Amma da Asusun Kula da Yara na Majalisar Ɗinkin Duniya ya bincika jihohi 10, rahotonsa na 2024 ya nuna makarantu kashi 37 cikin ɗari ne kawai ke da hanyar samun gargaɗi kafin hari, Sakkwato kuwa ta cika kashi 26 ne cikin ɗari na sharuɗɗan da aka gindaya. 'Yan'uwanmu ma'aikata da fayil ke bi ta teburinsu, wannan amana a wuyansu take, ba a wuyan gwamna shi kaɗai ba.

A ganinmu wannan gargaɗin shi ya fi katanga amfani. Ɓarayi a kan babura suke zuwa, su hamsin ko ɗari, suna ratsa ƙauyuka, ana ganinsu. Abin da ake nema shi ne wanda ya gani ya san wa zai kira, wanda aka kira kuma ya taso. Mun tuna a 2021 an yanke layukan waya a ƙananan hukumomi 14 na jihar, har da Isa da Sabon Birni, don a toshe bakin masu kai wa ɓarayi labari, sai ya zama an toshe har da bakin mai neman agaji.

Magabatanmu sun san wannan iyaka. Bayan faɗuwar Alƙalawa a 1808 rikicin Gobir bai ƙare ba, don haka Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya kakkafa ribaɗi, shi da kansa ya zauna Wurno. Gari ake tsarewa da ganuwa da dakaru, malami da almajiransa na ciki. Ba a ware makaranta a jeji a ce wa tsoho mai gora ya gadi.

Su kuma attajiranmu da ke rige-rigen gina masallatai, muna roƙonsu su tambayi malamansu ko ɗaki mai ƙofa da almajirai za su kwana a ciki a tsakiyar gari, da fitila mai aiki da hasken rana, da waya a hannun alaramma, ba sa cikin sadaka mai gudana. Rundunar tsaron al'umma da Gwamna Ahmed Aliyu ya ƙaddamar a 2024 ita ma ya kamata ta riƙe sunan kowace tsangaya da ke Isa da Sabon Birni, da yawan yaranta, da lambar malaminta.