Ra'ayi: Sannu da Hanya Ma Ta Zama Ta Masu Hali

Watannin baya na kwashe kusan awa huɗu a zaune a ɗaya daga cikin filayen jiragen samanmu, ina jiran jirgin da aka ce zai tashi ƙarfe biyu na rana. Ƙarfe biyu ta yi ta wuce, babu wanda ya fito ya ce mana komai. Teburin kamfanin wayam, lambar da suka rubuta a kan tikiti kuwa na'ura ce ke amsawa, tana cewa a danna ɗaya, a danna biyu. A kusa da ni akwai wata dattijuwa riƙe da takardar da ɗanta ya buga mata a shagon kwamfuta. Sau uku tana taɓa ni tana tambaya: "Ɗan nan, jirgin ya tafi ya bar mu ne, ko kuwa bai zo ba?" Na ce mata, "Hajiya, wallahi ni ma abin da nake so in sani ke nan."

Wajen ƙarfe shida saura sai ga wani babban mutum ya shigo, hadimai biyu a bayansa, ɗaya da jaka, ɗaya da waya a kunne. Bai zauna ba. Minti goma bayan shigowarsa aka kira mu shiga jirgi. A nan na gane cewa tun da rana wani ya buga masa waya ya faɗa masa ainihin lokacin tashi, ya ci gaba da harkokinsa a ofis, mu kuwa muna ta zaman jiran gawon shanu. Jirgi ɗaya muka hau, lokaci ɗaya muka sauka. Abin da ya fi mu da shi a ranar, ya sami mutumin da zai yi masa magana.

Tun daga ranar nake ta juya wannan al'amari a raina. A da, alamar mai hali a tafiya ita ce doki, daga baya mota, daga baya kujerar gaba a jirgi. Yanzu alamar tana komawa wani abu da kakanninmu ba su taɓa ɗauka abin sayarwa ba: wanda zai tarbe ka, ya kira sunanka, ya saurari matsalarka, ya warware ta. Talaka da ƙaramin ma'aikaci an bar su da allon waya.

Bahaushe matafiyi ne tun fil azal, kuma tsarin tafiyarsa kacokan a kan mutane aka gina shi. Ayarin fatake da ke tashi daga Kano zuwa Gwanja sayen goro yakan yi watanni a hanya, da madugu mai shugabancin tafiya, da jagaba mai sanin hanya, ana yada zango a wuraren da aka saba. In an isa gari, akwai fatoma: shi ne mai masauki, shi ne mai ajiyar kaya, shi ke haɗa baƙo da mai saye, shi ke tsaya masa in rigima ta taso. Daga wannan tsari ne unguwannin Zango suka kafu a Kumasi da Accra, da Sabo ta Ibadan, inda masu gidajen baƙi suka riƙe cinikin shanu da goro tsakanin Arewa da Kudu shekara da shekaru. Fatoma ba don Allah kaɗai yake yi ba, yana da la'adarsa. Amma baƙon da ya fi kowa talauci a cikin ayari yana da wanda ya san sunansa, ya san garinsu, zai kuma aika gida in wani abu ya same shi.

Ko da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, motoci suka biyo baya, wannan ɗabi'a ba ta mutu ba, tasha ta gaje ta. Duk wanda ya taɓa hawa mota a Jabi ko Zuba ko Mararraba ya san ɗan kamasho da hayaniyarsa, ya san yadda ake damƙa wa direba yaro ɗan makaranta a ce, "Malam, amana ce, ka sauke shi a Kwangila." Kafin a kai Jere an san wanda zai je biki da wanda zai je ta'aziyya, an yi musayar gyaɗa da ruwa, an yi gardamar siyasa har an shirya. Ba na cewa tasha aljanna ce. Akwai cuta, akwai cunkoso, akwai direban da zai loda mutum huɗu a kujerar mutum uku. Sai dai ba a rasa wanda za a tambaya, matambayi kuwa ba ya ɓata.

To, mu duba hanyar da dubban ma'aikatan tarayya suka fi sani, wato jirgin ƙasa na Abuja zuwa Kaduna, mai tsawon kilomita 186, wanda aka buɗe a watan Yulin 2016. Ma'aikata da yawa iyalansu na Kaduna ko Zariya ko Kano, domin hayar gida a Abuja ta fi ƙarfin albashi. Juma'a su tafi, Lahadi ko Litinin da asuba su dawo. A farkon 2021 aka kawo sayar da tikiti ta intanet. Dole in yi adalci a nan: kafin wannan lokaci, tagar sayar da tikiti ta zama abin kuka, jaridu sun sha ba da labarin 'yan bumburutun da ke saye tikiti su ɓoye, su sayar a ninki. Wanda ya sha wannan wahala ba zai yi kewar layin ba, kuma na'ura ba ta san ɗan wane ba. Haka nan ƙofofin lantarki da Hukumar Shige da Fice ta girka a filin jirgin saman Nnamdi Azikiwe a 2024: ɗan ƙasa ya ɗora fasfo, kyamara ta dubi fuskarsa, ya wuce, babu mai ce masa "me ka kawo mana?" Wannan ci gaba ne, ba ni da ja.

Inda nake da ja shi ne zaton da ake yi cewa in an kawo na'ura, an gama da mutum. Na'ura tana aiki ne muddin komai na tafiya daidai. Ranar da banki ya cire kuɗi tikiti bai fito ba, ranar da sunan da ke kan katin shaida ya bambanta da na tikiti da harafi ɗaya, ranar da aka soke tafiya, ranar ce matafiyi ke buƙatar mutum mai ikon yanke hukunci. A ranar kuma ake gane waye waye. Babban sakatare yana da jami'in da zai buga waya ɗaya a gyara. Ma'aikaci mai mataki na bakwai zai rubuta saƙon imel, ya jira amsar da ba lalle ta zo ba. Tsohon da ba shi da babbar waya kuwa, sai ya nemi wani yaro a bakin tasha ya saya masa, ya ba shi lada. Ɗan bumburutun da aka kora ta ƙofa ya dawo ta taga ke nan, da waya a hannu.

Ba mu kaɗai ba ne a wannan hanya, kuma waɗanda suka riga mu sun fara nuna inda take ɓullewa. A Amurka, kamfanin jiragen sama na Frontier ya rufe layin wayar da abokan hulɗa ke kira a ƙarshen 2022, ya ce kowa ya koma rubuta saƙo. Da ya dawo da layin a 2024, sai ya keɓe shi ga manyan abokan hulɗarsa da waɗanda tafiyarsu ta matso. Muryar ɗan'adam ta zama gata ke nan. A Japan, otal ɗin Henn na da aka buɗe a 2015 ya yi suna da cewa mutum-mutumi ne ke karɓar baƙi. Kafin shekara huɗu ya sallami fiye da rabinsu, domin aikin da suke jawo wa ma'aikata ya fi wanda suke ragewa. Manyan otal-otal masu tsada kuwa, a ko'ina suke, abin da suke tallatawa shi ne ma'aikacin da zai tuna sunanka da irin shayin da kake sha. Abin da fatoma ke yi wa kowane baƙo, yau da dala ake sayensa.

Akwai wani ɓangare da ba laifin na'ura ba ne, kuma shi ya fi yi mini ciwo. Tsoro ya shiga tsakaninmu. Tun bayan harin da aka kai wa jirgin ƙasan Kaduna ranar 28 ga Maris, 2022, wanda ya tsayar da zirga-zirga har zuwa Disambar shekarar, matafiyi ya koyi kama bakinsa. Ba ka faɗa wa na kusa da kai inda kake aiki, ba ka faɗin inda za ka sauka, kada ya zama mai kai rahoto. A cikin gari kuma 'yan "wan cans" sun sa rage wa mutum hanya ya zama kasada ga mai mota da mai tsayawa a bakin titi baki ɗaya. Wanda ya saba ɗaukar mutum biyu daga Kubwa zuwa Sakatariya don Allah, yanzu sai ya ɗaga gilashi. Ba na zargin kowa, ni ma na ɗaga nawa. Amma a lura da wanda ya tsira daga wannan kaɗaici: mai direba da ɗan sanda da hadimi, wanda ke tafiya cikin mutanen da ya sani. Sauranmu muna zaune kafaɗa da kafaɗa na awa biyu da rabi, kowa ya toshe kunne, ko sallama ta zama nauyi.

Ga masu karanta wannan shafi, maganar ta fi kusa da mu fiye da kowa, ta fuska biyu. Ta farko, da yawa daga cikinmu mu ne gatan da ake magana. Hadimi da jami'in tarbar baƙi da direba su ne suka sa maigida bai taɓa sanin yadda ake fama da shafin sayen tikiti ba. Sau da yawa wanda zai sa hannu a kan takardar "mayar da komai ta intanet" ya shekara goma bai sayi tikiti da kansa ba. Wanda ya san wahalar shi ne hadimin da ya kwana yana gwadawa, wanda kuma in ya gama raka maigida ya shiga jirgi, zai koma Nyanya ko Suleja a motar haya, ba mai ce masa sannu. In hadimi bai faɗa wa maigidansa gaskiyar abin da ke faruwa a bakin taga ba, babu wanda zai faɗa.

Ta biyu, mu ke rubuta takardun. Duk yarjejeniyar da za a ƙulla da kamfanin da zai riƙe tikiti ko ƙofa ko shafin biyan kuɗi, ta hannun wani darakta da mataimakansa take bi. Ba abu ne mai wuya ba a sa sharaɗi cewa kowace tasha za ta kasance da teburi mai mutum a zaune, daga buɗewa zuwa tashin jirgin ƙarshe, mai jin Hausa ko Yarabanci ko Ibo ko Turancin buroka gwargwadon wurin, wanda kuma aka ba ikon gyara kuskure nan take. Ikon shi ne jigon maganar. Ma'aikacin da iyakarsa ya ce "ba daga wajenmu ba ne" bai fi allon sanarwa ba. Tsare-tsaren ma ba sababbi ba ne. An kafa SERVICOM tun 2004 don ɗan ƙasa ya sami inda zai kai kuka a kowace ma'aikata. Kashi na 19 na ƙa'idojin sufurin jiragen sama ya wajabta wa kamfani ya yi wa fasinja bayani in an sami jinkiri, ya kuma ba shi abin taɓawa in jinkirin ya yi tsawo. Dokar kare haƙƙin masu buƙata ta musamman da aka sa wa hannu a Janairun 2019 ta shafi harkar sufuri, wa'adin shekara biyar da ta bayar na gyara ya cika tun farkon 2024. Makaho ba ya ganin allo, kurma ba ya jin lasifika. In babu mutum a wurin, dokar tana takarda ne kawai.

Za a ce ɗaukar ma'aikata kuɗi ne, kuma dalilin kawo na'ura shi ne rage kashe kuɗi. Haka ne. Amma ban taɓa ganin an rufe ɗakin manyan baƙi na wani filin jirgi don tsimi ba, ko an rage masu ɗaukar jakar da ke cikinsa. Tsimin kullum daga tagar talaka yake farawa.

Dattijuwar nan da na ba da labarinta, da muka sauka na riƙe mata jaka har bakin ƙofa. Ɗanta yana tsaye a waje tun ƙarfe uku, shi ma babu wanda ya faɗa masa komai. Ya kira lambar kamfanin har kuɗin wayarsa ya ƙare.