Kukan Da Kike Ji Ta Bayan Katanga

Maganar wannan watan taki ce, ke maƙwabciya, wadda kike jin ƙarar mari da kuka ta bayan katanga, sai ki ƙara muryar rediyo ki ce tsakanin miji da mata sai Allah.

Ɗauki gari kamar Daddara, a kan hanyar Katsina zuwa Jibiya. Daga nan zuwa iyakar Nijar ba wata tafiya ba ce, kuma auratayya tsakanin mutanen wannan yanki da na Ɗan Isa da Maraɗi ta girmi iyakar kanta. A da, in zama ya yi tsami, mace takan saɓi goyonta ta hau mota ta yi yaji, in miji ya je biko iyaye su zaunar da shi su ja masa kunne. Yajin nan da ake mayarwa abin raha, shi ya ceci mata da dama. To, an rufe iyaka a watan Agustan 2019, ta Jibiya ba a buɗe ta ba sai Afrilun 2022, aka kuma sake rufewa a 2023 bayan juyin mulkin Nijar, har cikin 2024. Ga 'yan bindiga sun tarwatsa ƙauyuka, wata ma gidan uban da za ta gudu ya zama kango. Direba da ɗan dako sun yi ta zaman babu na cefane. Babu ba hujjar duka ba ce, amma mun san a kan wa ake huce haushinta. Matar da danginta suka yi nisa, wa take da shi in ba ke ba?

Kada ki ce abin bai yi yawa ba. Binciken lafiyar al'umma na ƙasa na 2018 ya nuna kashi 36 cikin 100 na matan Najeriya da suka taɓa aure sun gamu da cutarwar miji, ta duka, ko ta tilas a shimfiɗa, ko ta wulaƙanci. Cikin waɗanda aka taɓa lafiyarsu kuwa, fiye da rabi ba su taɓa neman taimako ba. Kuma in ta yi ƙarfin hali ta faɗa, me muke ce mata? “Ki yi haƙuri, haka kowa take zaune.” Haƙuri abu ne mai kyau, amma ba ya ɗora karaya.

Ga abin da da yawa cikinmu ba mu sani ba. A mazhabar Malikiyya, wadda kotunan shari'armu suke bi, matar da ta tabbatar miji yana cutar da ita, alƙali yana da ikon raba auren ba tare da ta mayar da ko sisi na sadaki ba. Wannan daban yake da hul'i. Mata nawa suka sayar da akuya da gado suka fanshi kansu, alhali su aka zalunta? Sannan da yake ba a gayyato shaidu in za a doki mace a ɗaka, malaman mazhabar sun karɓi shaidar ji, wato labarin da ya yaɗu a bakin maƙwabta da matan unguwa. Kin ga ashe abin da kunnenki ya ji yana da nauyi a gaban alƙali. Mai fakewa da addini kuwa a tuna masa, Nana A'isha ta shaida cewa Manzon Allah (SAW) bai taɓa dukan mace da hannunsa ba.

Ta ɓangaren hukuma, dokar hana cin zarafin jama'a ta tarayya, ta 2015, ta sa dukan abokin aure cikin laifuffuka, kuma Gwamna Dikko Raɗɗa ya sa hannu a kan ta Jihar Katsina a ƙarshen 2023.

Ba na ce ki tsallaka katanga ki shiga faɗa ba. Bari gari ya waye, ki shiga da sunan aron turmi ko ɗibar wuta, ki tambaye ta ita kaɗai, ba gaban uwar miji ko kishiya ba. Abin da ta faɗa miki kada ya kai gidan biki. In akwai rauni, raka ta asibiti, ki ajiye mata kati da takardar likita a ɗakinki, don ranar da za a ce ina shaida. Ba ta wayarki ta kira waliyyinta, ko yana Maraɗi ne. Maigidanki ya sami liman ko mai unguwa, in abin ya fi ƙarfinsu a kai ga Hisba ko kotu. Amma in tana da ciki ake dukanta, ko ya taɓa shaƙe mata wuya, ko ya ɗauko makami, wannan ya wuce zaman sulhu. A fara fitar da ita da yaranta tukuna.

Ke kuma uwa, ranar da 'yarki ta shigo da ƙullin kaya da jan ido, kada ki kora ta kafin ta sha ruwa don gudun surutun mutane. Shiga da ita ɗaki, ki ce ta cire mayafi, ki duba bayanta da idonki kafin a soma zancen komawa.