RA'AYI: Kundin mastar na ƙarya ya fi cutar Damagaram a kan mai shi

Duk ƙarshen shekarar karatu, hotunan sutunans ne ke cika Facebook da WhatsApp na matasan Damagaram. Ga ɗalibi ya sha kwat ko babbar riga, ga malamai a bayan tebur, 'yan uwa na rabon lemo, a ƙasa an rubuta maki 16 ko 17 cikin 20. Abin murna ne, domin kafin a buɗe jami'a a Damagaram a 2010, mai son karatu mai zurfi sai ya nufi Yamai ko ƙasar waje. Sai dai akwai tambayar da ba a cika yi ba a wajen bikin: wa ya rubuta kundin, kuma alƙaluman da ke cikinsa daga ina suka fito?

Ɗalibai da yawa da guminsu suke samun wannan takarda. Amma duk wanda ya zauna fadar ɗalibai a kowane gari mai jami'a ya san hanyoyin da wasu ke bi. Akwai abin da ake kira kopiye-kole: a sauke kundin wani ɗan Dakar ko Wagadugu daga intanet, a goge sunan garinsu a sa Zinder. Akwai mai biyan wani kuɗi ya rubuta masa daga farko har ƙarshe. Tun fitowar ChatGPT a ƙarshen 2022 kuma an samu mai miƙa wa na'ura aikin baki ɗaya, ita kuwa takan ƙago sunayen littattafan da babu su a duniya.

Wadda ta fi haɗari ita ce ƙirƙirar alƙaluma. Ɗalibi ya ce ya yi hira da magidanta 200 a ƙauyukan Tanut ko Magarya, alhali a ƙarƙashin bedi ya zauna da abokansa biyu suka cike takardun tambayoyin a yini guda. Babu manhajar da za ta kama wannan, domin ba daga wurin kowa ya kwafa ba.

A nan ne cutar ta wuce kan ɗalibi. Abin da aka rubuta kan matsalar ruwan sha a birnin Damagaram, ko tamowa a Mirya, ko tafiyar mata daga Kance zuwa Aljeriya, ba shi da yawa. Saboda haka kowane kundi da ya shiga ɗakin karatu hujja yake zama. Ɗalibin baɗi zai ambace shi, ma'aikacin wata ƙungiya zai ɗauki alƙaluman ya sa a takardar neman tallafi, ɗan jarida ya karanta a rediyo. Kafin shekara biyar ƙaryar ƙarƙashin bedi ta zama abin da kowa ya sani, har a iya haƙa rijiya inda ba nan ake ƙishirwa ba.

Wannan ba gadon ilimin Damagaram ba ne. A zaurukan malamai, ba a ba almajiri ijaza sai an san littafin da ya karanta da wanda ya karantar da shi, shi ma malamin a faɗi wajen wa ya ɗauka. Ambaton madogara a ƙasan shafi shi ne dai wannan silsila da sabon salo. Marigayi Farfesa André Salifou, wanda jami'ar garin ke ɗauke da sunansa, ya wallafa littafinsa kan daular Damagaram ta ƙarni na 19 tun 1971, kuma har yau masu bincike kan zamanin Sarki Tanimun na komawa gare shi. Aikin da aka yi da gaskiya ne ke kai shekara hamsin ana cin moriyarsa.

'Yan uwanmu da ke ƙetare sun fi kowa sanin abin da zubewar darajar takarda ke jawowa. A Disambar 2023 jaridar Daily Nigerian ta wallafa yadda wakilinta Umar Audu ya samo digiri daga wata jami'a a Kwatano cikin mako shida ba tare da ya shiga aji ba. A farkon Janairun 2024 gwamnatin Najeriya ta dakatar da tantance takardun digiri na Benin da Togo, har waɗanda suka yi karatunsu tsakani da Allah abin ya shafa. Wake ɗaya shi ke ɓata gari. Shi ma mai satar, daɗewa ba ta wanke shi: ministan tsaron Jamus Karl-Theodor zu Guttenberg ya yi murabus a 2011, shugaban Hungary Pál Schmitt ya bi sahunsa a 2012, duk kan kwafe a kundin digirin digirgir, na Schmitt ɗin ma shekara 20 bayan ya kare shi.

To amma in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Ɗalibin da alawus ɗinsa ke makara, ba shi da kuɗin mota zuwa Gure, ba a taɓa zaunar da shi an koya masa yadda ake ambaton madogara ba, malamin da ke duba shi kuma yana riƙe da kundaye fiye da ƙarfinsa, an riga an nuna masa hanyar ratse. Malamin da ya sa hannu kan kundin da bai karanta ba, ko ya maƙala sunansa a binciken da bai yi komai a kai ba, ko ya riƙe sa hannunsa don neman wani abu wajen ɗaliba, shi ma amanar ilimi ya ci.

Gyaran ba ya buƙatar kuɗi mai yawa. Kowace jami'a ta ba ɗalibin mastar rubutacciyar ƙa'ida tun ranar rajista, wadda ta fayyace mene ne sata, mene ne aka yarda a yi da na'ura, da hukuncin da ke kan ɗalibi da malami. A ƙayyade yawan kundayen da malami ɗaya zai duba. Ranar sutunans ɗalibi ya zo da takardun tambayoyinsa da muryoyin da ya naɗa, a tambaye shi wane mai gari ya sauke shi, wace rana ce kasuwar ƙauyen. A sa kundayen da aka kare a intanet yadda kowa zai gani, domin ɓarawo ba ya son haske. A kuma buɗe wa ɗalibai hanyar kai koke da ba ta bi ta hannun wanda suke ƙara ba. Ƙungiyar ɗalibai ta USN da ta malamai ta SNECS, da suka saba fafutukar alawus da albashi, ya dace a ji muryarsu kan wannan ma.

Kai kuma ɗalibi, in ƙarfinka magidanta 40 ne a unguwa guda, rubuta 40 ɗin. Makinka na iya gaza na mai 200 na ƙarya, amma naka ne kaɗai za a iya gina wani abu a kansa.