Sharhi: Bayan ƙarewar wa'adin Windows 10, ina mafita ga mai neman lasisi na halal cikin rahusa?

A ranar 14 ga Oktoban 2025 kamfanin Microsoft ya daina bai wa Windows 10 kulawar tsaro ta kyauta, shekaru goma bayan fitowarta. Kwamfutocin da ke ɗauke da ita ba su daina aiki ba, amma duk wata ɓaraka da aka gano daga baya za ta zauna a buɗe ga masu kutse. Lamarin ya shafi ofisoshi, makarantu da shagunan buga takardu a faɗin Najeriya, inda da yawa ke dogaro da kwamfutocin hannu da ake shigowa da su daga ƙetare.

Lasisin Windows 11 na amfanin gida yana kai dala 139 a shagon kamfanin, na ƙwararru kuma kusan dala 200. Tun bayan sakin farashin naira a watan Yunin 2023, wannan kuɗi ya yi wa ɗalibi da ƙaramin ɗan kasuwa nauyi. Shi ya sa mutane da dama ke karɓar duk abin da mai gyara ya ɗora musu, ko su sayi lambobin lasisi masu arha a intanet.

Sai dai arha ba ta ado. Yawancin irin waɗannan lambobi an ware su ne domin manyan kamfanoni ko makarantu, ba a yarda a sayar da su ɗaiɗai ba, kuma ana iya toshe su a kowane lokaci. Manhajojin da ake fasa lasisi da su kuwa sukan zo da ɓoyayyun manhajoji masu satar bayanan banki da kalmomin sirri. Ga kuma batun doka: Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022, wadda aka rattaba wa hannu a watan Maris na 2023, ta ba manhajojin kwamfuta kariya, kuma Hukumar Kare Haƙƙin Mallaka ta Najeriya ce ke da alhakin aiwatar da ita.

Hanya ta farko ta halal ita ce bincikar abin da ke hannu. Tun zamanin Windows 8, manyan kamfanonin ƙera kwamfuta kamar HP, Dell da Lenovo suke dasa lasisin a cikin na'urar kanta. Saboda haka kwamfutar hannu da aka saya a Computer Village ta Ikeja, ko Banex a Abuja, ko Farm Centre a Kano, mai yiwuwa tana da nata lasisi. Idan aka sauke Windows daga shafin Microsoft aka ɗora nau'in da ya dace da lasisin, takan kunna kanta da zarar ta hau intanet. Abin takaici, wasu na biyan kuɗi a goge musu na gaske a ɗora na jabu ba tare da sun sani ba.

Hanya ta biyu, duk mai Windows 10 ta asali zai iya komawa Windows 11 kyauta, muddin na'urarsa ta cika sharuɗɗa, ciki har da guntun tsaro na TPM 2.0 da injin sarrafawa na Intel daga zubi na takwas zuwa sama. Wannan sharaɗi ne ya bar tsofaffin kwamfutoci da dama a baya. Ga masu irin su, kamfanin ya buɗe shirin ƙarin kulawar tsaro na shekara guda a kan dala 30, ko kyauta ga wanda ya adana saitunan kwamfutarsa a asusunsa na Microsoft. Wannan jinkiri ne kawai, ba magani ba.

Hanya ta uku ta shafi ɗalibai da malamai: manyan makarantun da ke da yarjejeniya da Microsoft kan samar da lasisi kyauta ko cikin rangwame, don haka tambaya a sashen fasahar sadarwa na makaranta na iya rage ɗawainiya.

Akwai kuma hanyar da ba ta buƙatar ko kwabo. Ubuntu da Linux Mint manhajoji ne na kyauta bisa doka, suna tafiya a kan tsofaffin na'urori, kuma sun wadatar wajen rubutu, lissafi da shiga intanet. Matsalarsu ita ce wasu manhajojin zane da na ƙididdigar kuɗi da aka saba da su ba sa aiki a kansu kai tsaye.

Sakaci da sabuntawa yana da tsada. A watan Mayun 2017, harin WannaCry ya afka wa kwamfutocin da ba a sabunta ba a ƙasashe kusan 150, har ya tsayar da ayyuka a asibitocin Birtaniya. Ga ofishin da ke riƙe da bayanan jama'a, kuɗin lasisi ƙarami ne idan aka kwatanta da asarar rana guda. Ga mai sayen kwamfuta kuwa, duba shafin kunna lasisi da neman rasit kafin ya bar shago shi ne matakin da ya fi kowanne arha.