Taken Zanga-zanga da Ɓoyayyen Aikau

Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, lokacin da CEDEAO ta yi barazanar turo sojoji Nijar, jama'a sun cika filin wasa na Seyni Kountché a Yamai ranar 6 ga Agusta, wasu kuma suka fita titunan Kano suna ƙin amincewa da yaƙi. Ba na shakkar gaskiyar zuciyarsu. Abin da nake tuhuma shi ne ginin jimlolin da ake ɗagawa a irin waɗannan taruka.

Mu ɗauki "Ba ma son yaƙi". Jimla ce korarriya wadda ta bayyana halin zuciyar mai magana kurum. Ba ta umarci kowa ba, ba ta gindaya sharaɗi ba. Ko wanda ya shirya yaƙin zai iya furta ta ba tare da ya yi ƙarya ba. Haka "A buɗe iyaka": lamirin "a" ya ɓoye aikau. Wa zai buɗe, Abuja ko Yamai? Duk shugaban da ya ji ta yana iya ɗauka da maƙwabcinsa ake.

Mafi ɗaukar hankali shi ne "Zancen ƙasa ne", takwarar "Labu sanni no" ta Zabarmanci. Ƙarfinta na cikin harshen damon kalmar "ƙasa": turɓayar da aka binne kakanni, da kuma mulki mai tuta da iyaka. Sai dai dirkar "ne" tana rufe ƙofar tambaya. Da zarar an ce zancen ƙasa ne, mai son ya yi zancen farashin shinkafa ko ɗaukewar lantarki ya zama abin zargi. (Ban ma shiga batun masu la'antar Faransa da harshen Faransanci ba, wannan na bukatar maƙala tasa.)

Mutanen Birnin Ƙonni sun san tsadar wannan gibi. Iyakarsu da Illela ta jihar Sakkwato ta zauna a rufe har Maris 2024, alhali an ɗage takunkumin CEDEAO tun 24 ga Fabrairu. A tsawon watannin nan mai albasar Galmi da direban babbar mota da iyalin da ke da dangi a ɓangarorin biyu ba su samu gurbi a cikin wani take ba, domin bukatarsu ta fi kalmomi uku tsawo.

Za a ce hayaniyar titi ta taimaka wajen hana yaƙin. Wataƙila ta ƙara nauyi. Amma Majalisar Dattawan Nijeriya ta ƙi goyon bayan amfani da ƙarfi tun 5 ga Agusta, sannan Muhammadu Sanusi II da tawagar malamai ƙarƙashin Sheikh Bala Lau suka zauna da Janar Tiani a Yamai cikin watan. A can an yi magana da jimloli masu aikau da karɓau, kowa ya san wanda ake nema ya yi me.