Leshi, igiyar takalmi da lemon da aka zuba wa ƙwaya



Kwanakin baya ina aikin dare aka kawo mana wata yarinya 'yar shekara 17 daga bikin ƙawarta. Idonta a lumshe, harshenta ya yi nauyi, ko tsayuwa ba ta iya yi. Likita ya duba ta, ya gaya wa yayanta da Turanci cewa yana zargin lemon da ta sha "laced" ne. Mahaifiyar ta kamo hannuna ta ce, "'Yar nan, wane leshi kuma? Ai atamfa ta saka." Ban ga laifinta ba, domin ni ma ba don aikin asibiti ba, leshin kawai zan sani. Alhamdu lillahi yarinyar ta farfaɗo kafin asuba. Tun ranar na ƙudurta zan yi mana bayanin wannan kalma.

Kalmar "lace" ce Bahaushe ya ara ya mayar da ita leshi. Su ma Turawan Ingila aro ta suka yi daga tsohon Faransanci, asalinta kuma wata kalmar Latin ce mai nufin zarge ko tarko. Don haka ma'anarta ta farko ita ce igiyar da ake zurawa cikin ramuka a ɗaure abu. Igiyar takalmin makarantar ɗanki "shoelace" ce, in kuma malama ta ce masa "lace up", nufinta ya ɗaure takalminsa.

Ma'ana ta biyu ita ce wadda muka sani, yadi mai ƙananan ramuka da zane. A ƙarni na 16 da hannu ake saƙa shi a birnin Benis na Italiya da yankin da ake kira Beljiyam a yau, kuma tsadarsa ta sa sai masu sarauta da attajirai ke ado da shi. A 1809 wani Bature, John Heathcoat, ya yi rajistar injin saƙa raga, daga baya birnin Nottingham ya zama cibiyar wannan sana'a, farashi ya sauko. Leshin da muke zubawa a lefe kuwa yawancinsa ɗinkin ado ne da inji ke yi a kan yadi. Masaƙun garin Lustenau na Ostiriya sun fara kasuwancinsa da Najeriya a shekarun 1960, garin St. Gallen na Suwizalan ma ya yi suna a kansa. Shi ya sa har gobe za ki ji 'yan Kantin Kwari suna cewa "Swiss" ne, ko da yake da yawansa yanzu daga ƙasar Sin yake zuwa.

Daga nan ne kuma aka samo "lace front" da 'yan mata ke yayi, wato gashin kanti da aka dasa a kan siririyar raga, a manna shi da gam a goshi. Gam ɗin kan jawo ƙaiƙayi da ƙuraje, in aka yawaita kuma gashin gaban goshi ya zube.

Ma'ana ta uku ita ce ta sa na ɗauki alƙalami. In aka ce abinci ko abin sha "laced with" wani abu ne, to an zuba masa wannan abin kaɗan, sau da yawa a ɓoye: giya, ƙwaya ko guba. A labaran Amurka za ki yawaita ganin ta tare da fentanil, maganin da ƙarfinsa ya ninka na mofin kusan sau 100. A nan gida kuwa kodin da taramol ake juyewa cikin lemon kwalba. A 2018 Gwamnatin Tarayya ta hana yin maganin tari mai kodin da shigo da shi, amma ɗabi'ar ba ta ƙare ba. Saboda haka in kika ga wannan kalma a wayar ɗanki ko 'yarki, ki duba da kyau, mai yiwuwa ba maganar anko ake yi ba.

Ki gaya wa 'yarki kada ta karɓi lemon da ba a gabanta aka buɗe ba, kada kuma ta ajiye kofinta ta tafi ta dawo ta sha. In ta dawo gida da jiri, barci mai nauyi, ko ta kasa tuna abin da ya faru, ki kwantar da ita ta gefenta don kada amai ya shaƙe ta. Kada ki ɗura mata manja ko madara, kada ki tilasta mata yin amai. Ku garzaya asibiti, in kwalbar tana nan ku tafi da ita. Faɗa kuma a bar shi sai ta warke, domin yarinyar da ke tsoron faɗan uwa ɓoyewa take yi har abin ya yi nisa.

Akwai kalmar Turanci da ta taɓa rikita ki a asibiti ko a takardar magani? Ki turo mana, mu warware ta a mako mai zuwa in Allah ya kai mu. Allah ya tsare mana zuriya, amin.