RA'AYINMU: Waƙa a Bakin Mai Ita

Duk wanda ya yi firamare a ƙasar nan ya san ranar ba da sakamako. Malami ya miƙa kati, yaro ya duba ko na nawa ya zo, ya kai gida. Idan uban ya yi boko, sai ya ga jan biro ya hau faɗa. Idan kuwa bai yi ba, sai ya nemi maƙwabci ya karanta masa, ko kuma shi yaron ya karanta abin da ya ga dama. Taron iyaye da malamai, wanda ya kamata ya toshe wannan ɓaraka, galibi ya zama zaman tara kuɗin rufi da kujeru. Ana ambaton yaro a wurin, amma ba a ganinsa sai in an kira shi domin wani laifi.

A ƙasar Suwidin an daɗe da sauya wannan tsari. Tun daga manhajar 1994 aka kafa abin da suke kira zantawar ci gaba, kuma dokar ilminsu ta 2010 ta wajabta cewa aƙalla sau ɗaya a kowane zango malami da ɗalibi da mai riƙonsa su zauna su duba yadda karatu ke tafiya. Makarantu da yawa a can, da wasu a Amurka, sun ƙara taki ɗaya, watau ɗalibin ne ke jan zaman. Kafin ranar, yakan tattara ayyukansa, mai kyau da wanda ya gagare shi, ya shirya bayani tare da malami. Ran taro sai ya buɗe littattafansa gaban iyaye, ya ce ga inda na iya, ga inda na kasa, ga abin da nake nufin gyarawa kafin zango mai zuwa. Malami yana gefe, ba ya sa baki sai an kauce hanya.

A ganinmu wannan abu ne da ya cancanci gwaji a makarantunmu. Manufar ilmi ta ƙasa ta 1977 ta zo da auna ɗalibi a kai a kai maimakon dogara ga jarrabawar ƙarshe kaɗai, amma ga shi har yau makin yana ƙarewa ne a rajistar malami. Lamba 43 cikin 100 ba ta gaya wa uba kome ba. Amma idan 'yarsa ta nuna masa da Hausa cewa tana iya tarawa da ɗebewa, rabawa ce ke ba ta wuya, to ya sami abin kamawa, ko da bai taɓa riƙe biro ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Mun san za a ce al'adarmu ba ta yarda yaro ya saki baki gaban mahaifinsa ba, balle ɗan fari, wanda iyaye ke jin nauyin ko ambaton sunansa. Wannan magana tana da nauyi, ba mu raina ta ba. Sai dai a tuna da ranar saukar karatu: almajiri ne ke riƙe allonsa mai zayyana, ya karanta gaban malamai da dattawa, ba wanda ya taɓa kiran wannan rashin kunya. Inda uba ke jin nauyi, kawu ko gwaggo ko yaya na iya zama a madadinsa. Iyaye mata kuwa, waɗanda su ne suka fi sanin ko yaro yana duba littafi da dare, lalle a zaɓi lokacin da za su iya fitowa.

Babbar matsala ita ce yawa. Malamin da ke da yara 80, in ya ba kowane minti 15, sai ya yi awa 20 yana zaune. To, amma tun da yaro ne mai magana, ana iya zaunar da gida biyar a lokaci guda cikin aji, malami yana zagayawa, aikin ya koma awa 4. Akwai kuma tsoron yaro ya rufe kasawarsa, ko a doke shi in an koma gida. Maganin na farko shi ne littafin aikinsa yana buɗe a kan tebur. Na biyun ya fi wuya, kuma wajibi ne hedimasta ya yi wa iyaye bayani tun kafin ranar cewa ba shari'a aka kira su ba. Wasu batutuwa, kamar rashin lafiya ko rikicin gida, dole su tsaya tsakanin malami da iyaye kaɗai.

Saboda haka muna kira ga 'yan'uwanmu na tsangayar ilmi da za su fita koyon aikin koyarwa, kowa ya nemi izinin hedimasta ya gwada da aji ɗaya, ya rubuta abin da ya gani. Waɗanda suka riga mu kama aiki a ma'aikatun ilmi kuwa, muna roƙonsu su shawo kan manyansu a keɓe yini ɗaya a kalandar zango domin wannan zama. Shafukan wannan mujalla a buɗe suke ga rahoton duk wanda ya gwada, ko abin ya yi kyau ko bai yi ba.